Sabon lauya, a ina za ka fara aiki? Hanyoyi shida da abin da kowace take koyarwa

A 1891 aka shigar da Mohandas Gandhi cikin jerin lauyoyi a Landan. Ya koma Indiya da takardunsa cif, ya zauna a Bombay yana jiran aiki, har wata 'yar ƙaramar shari'a ta zo hannunsa. Ranar zama, da aka iso inda zai yi wa shaidar ɗaya ɓangaren tambayoyi, ya miƙe tsaye, kansa ya ɗau juyawa, ko tambaya ɗaya ta ƙi zuwa. Ya koma ya zauna, ya ce a mayar wa matar da ta ɗauke shi kuɗinta ta nemi wani lauyan. Shi da bakinsa ya ba da labarin daga baya. Karatu kam yana da shi. Abin da ya rasa shi ne ubangidan da zai ba shi ƙaramin aiki ya yi, a duba, a ce masa ya sake.

Makaranta doka take koyarwa. Amma yadda ake sauraron mutumin da ya shigo a rikice har a tsamo abin da kotu za ta iya aiki da shi, da yadda ake rubuta sharaɗi ɗaya a yarjejeniya ba tare da an bar wa abokin hamayya ƙofa ba, da yadda ake gane cewa alƙali ya ƙoshi da maganarka tun bai faɗa ba, duk waɗannan a wurin aiki ake ɗaukarsu. Shi ya sa inda ka yi shekaru uku zuwa biyar na farko yake bin ka har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, amma maganar da lauya mace da namiji nake yi.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko, kuma wanda na fi ba nauyi: wa zai karanta aikinka ya gyara? A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa suka buga wani bincike da suka yi a kan masu koyon goge a wata makarantar kiɗa ta Berlin. Abin da aka fi ɗauka daga aikinsa shi ne, yawan maimaita abu kawai ba ya kai mutum ga gwaninta. Atisayen da ke ɗaga mutum shi ne wanda aka nufi gyara wani rauni takamaimai, yana ɗan fin ƙarfinsa, kuma akwai mai gaya masa inda ya kuskure. A aikin lauya wannan yana nufin takardarka ta dawo maka cike da jan biro, kuma mai jan biron ya zauna ya gaya maka dalili. Lauyan da ya shekara goma ba a taɓa gyara masa rubutu ba, kurakuransa ne suka shekara goma suna ƙara kauri.

Na biyu: yaushe za a ɗora maka nauyi? Akwai ilimin da ba ya shiga sai ranar da ka san cewa in ka yi sake, wani zai kwana a tsare ko ya yi asarar dukiyarsa. Sai dai nauyin da ya zo ba tare da mai duba ka ba, hatsari ne gare ka da wanda kake wakilta. Waɗannan ma'aunai biyu suna jan juna, kuma da wuya ka samu wurin da ya cika su duka.

Na uku: faɗi ko zurfi. Za ka taɓa fannoni da yawa, ko za ka nutse cikin guda ɗaya? Jamusawa sun yanke wa kansu wannan hukunci tun tuni: wanda ya ci jarrabawar gwamnati ta farko sai ya yi shekara biyu yana zagaye, daga kotun shari'o'in jama'a zuwa ɓangaren manyan laifuka, zuwa ofishin gwamnati, zuwa ofishin lauya, kafin ya zauna jarrabawa ta biyu. A Ingila ma tsohon tsarin horas da lauyoyin ofis shekara biyu ne, yawanci a raba shi gida huɗu, wata shida-shida a sassa daban. In ƙasarka ba ta tilasta wannan zagaye ba, kai za ka shirya wa kanka shi.

Na huɗu: abin da za a biya ka, da abin da za ka biya. Albashi ana ganinsa a takarda. Barci da lafiya da lokacin iyali ba a rubuta su, amma su ma farashi ne.

Na biyar: ɗorewa. Ranar da ka bar wurin, me za ka fita da shi a kanka da ba za a iya karɓewa a bakin ƙofa ba?

Sai sauƙin shiga da irin hatsarin da ke ciki, waɗanda zan riƙa ambata a tafe.

Babban ofishin lauyoyi

Ina nufin ofis mai ɗimbin lauyoyi, wanda bankuna da manyan kamfanoni ke kai wa aiki. Tsarin da yawancinsu ke bi ya samo asali daga abin da Paul Cravath ya shimfiɗa a ofishinsa na New York a farkon ƙarni na 20: a ɗauko zaƙaƙuran ɗalibai kai tsaye daga makaranta, a biya su albashi, a riƙa juya su daga hannun wannan babba zuwa wancan, bayan wasu shekaru wanda ya cancanta a mai da shi abokin tarayya mai kaso a ribar ofis, wanda bai kai ba ya nemi gaba. Ka lura da wannan ƙarshen. Tsarin an gina shi ne a kan cewa mafi yawan waɗanda suka shigo ba za su kai sama ba.

Ta fuskar gyaran aiki, babu kamarsa in ka dace. Takarda ɗaya tana bi ta hannu biyu ko uku kafin ta fita. Akwai ɗakin karatu, akwai taskar tsofaffin yarjejeniyoyi da za ka duba yadda aka warware irin matsalarka a baya, akwai mutumin da ya shekara ashirin a kan fanni ɗaya a ofis na kusa da naka. A nan ake koyon tsafta: lambar sashe daidai, suna daidai, ma'anar kalma ɗaya tun daga shafin farko har na ɗari. Wannan tarbiyya ba ta barin mutum.

Nauyi kuwa yana jinkiri. Za ka iya shekara biyu kana tace dubban takardu don neman wadda ta shafi shari'a, ko kana binciken kundin kamfanin da ake son saye, ba ka taɓa buɗe baki a gaban alƙali ba, ba ka taɓa zama da mai aikin ido da ido ba. Kana ganin yanki ɗaya na abu mai girma, wasu lokuta ma ba ka san yadda aka ƙare ba. Kuma gyaran da na yaba a sama yana da sharaɗi: wani babban zai karɓi takardarka ya sake rubuta ta da kansa ya aika, bai ce maka uffan ba. In ba ka nemi kwafin ƙarshe ka jera shi da naka ka ga bambanci ba, ka yi aikin banza.

Albashi ya fi na ko'ina a wannan jeri, ba gardama. Farashinsa sa'o'i ne. Irin waɗannan ofisoshi suna cajin masu kawo aiki gwargwadon lokaci, ana lissafi da minti shida-shida, kuma a manyan ofisoshin Amurka abin da ake sa ran ƙaramin lauya ya kawo yana kusa da sa'o'i 2,000 a shekara. Yi lissafi: sa'a 40 ke nan a mako har mako 50, kuma wannan sa'o'in da za a iya caja ne kaɗai, ban da tarurrukan cikin gida da horo da jiran babba ya dawo da takarda. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: duk sa'ar da babba ya zauna yana koya maka, sa'a ce da bai caji kowa ba. Tsarin da kansa yana hukunta mai koyarwa.

Sunan ofishin yana buɗe ƙofofi daga baya, musamman ƙofar kamfanoni. Shiga ke da wuya, don ana duba makaranta da sakamako sosai. Hatsarinsa biyu ne: ka ƙone da gajiya, ko kuma ka ƙware a wani lungu mai ƙunci wanda ofisoshi ƙalilan ne kawai ke buƙata, albashin kuma ya saba maka da rayuwar da ba za ka iya sauka daga kanta ba.

Ƙaramin ofis, ƙarƙashin gogaggen lauya ɗaya

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ce ta mafi yawan lauyoyin duniya. Abraham Lincoln bai je makarantar lauya ba. Ya samu izinin aiki a 1836, ya fara da John Todd Stuart, wanda siyasa ta ɗauke masa hankali ya bar wa Lincoln ofis. A 1841 ya koma wurin Stephen Logan, mutum mai tsananin bin diddigi, kuma masu tarihinsa sun yi ittifaƙi cewa a wurin Logan ya koyi shirya shari'a tun kafin ranar zama. Mutum ɗaya, ubangida biyu: na farko ya ba shi nauyi, na biyu ya ba shi horo. Nelson Mandela ma a matsayin magatakarda ya fara a wani ofishin lauyoyi na Johannesburg, ƙarƙashin Lazar Sidelsky, shekaru kafin ya buɗe nasa.

A ƙaramin ofis nauyi yana zuwa da wuri, wani lokaci tun makon farko. Maigida yana da shari'a biyu a kotu biyu a safiya ɗaya, sai ya miƙa maka fayil ya ce ka je ka nemi a ɗage ɗayar. Ka je, alƙali ya ƙi ɗagewa, ga shaida a tsaye. Haka mutane da yawa suka koyi titsiye shaida da tambayoyi. Kana ganin shari'a tun daga ranar da mai ita ya shigo yana kumfar baki har ranar hukunci, kana ganin yadda ake maganar kuɗin aiki, da yadda ake gaya wa mutum cewa ba shi da gaskiya a doka ko da yana da ita a zuciya. Yau rikicin fili, gobe neman beli, jibi rabon gado ko rajistar kamfani. Faɗi dai sai wanda ya gani.

Matsalar ita ce komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In ubangidanka mai karatu ne, mai gaskiya, mai haƙurin koyarwa, to shekara uku a wurinsa sun fi shida a ko'ina. In kuwa mai shiga kotu ba shiri ne, mai neman ɗagewa don a ja lokaci, mai taɓa kuɗin da aka ba shi ajiya, to waɗannan halaye za ka ɗauka kana zaton su ne sana'ar, kuma babu wani babba na biyu a ofishin da za ka kwatanta da shi. Ni a ganina babu hanyar da ta kai wannan bambanci tsakanin mai kyanta da mummunanta.

Saboda haka kafin ka karɓa, je kotu ka zauna a baya ranar da yake da shari'a. Duba yadda alƙali yake sauraronsa, da yadda sauran lauyoyi suke gaishe shi. Nemi mutum biyu da suka taɓa aiki a ƙarƙashinsa ka tambaye su abu ɗaya: yana karanta abin da kuka rubuta?

Albashi ƙarami ne, wani wuri ma ba shi da ranar zuwa. Shiga ta fi sauƙi. Abin da za ka fita da shi, wato iya tsayawa da ƙafarka a kotu da iya riƙe mai kawo aiki, shi ne jarin duk wanda ke da niyyar buɗe nasa ofis wata rana.

Aikin gwamnati: gabatar da ƙara ko kare marasa hali

Duk mai son gogewa a cikin kotu da gaggawa ya dubi nan. Sonia Sotomayor tana gama karatu a jami'ar Yale a 1979 ta shiga ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan a birnin New York, ƙarƙashin Robert Morgenthau. Ta shekara biyar tana shari'o'in laifuka kafin ta koma ofishi mai zaman kansa, daga baya ta zama alƙali, a 2009 ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Ɗaya gefen kuma akwai lauyoyin da hukuma ke biya don su kare wanda ba shi da halin ɗaukar lauya. A Amurka wannan aiki ya bunƙasa ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Clarence Gideon, wanda ya rubuta ƙorafinsa da fensir daga gidan yari, kotu ta ce dole jiha ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya.

Abin da ke koyarwa a nan shi ne yawa. Za ka tsaya gaban alƙali a wata ɗaya fiye da yadda takwaranka na babban ofis zai tsaya a shekara biyu. Dokar shaida takan zauna maka a ka, tsoron kotu ya fita, ka koyi yanke shawara cikin minti biyar. Amma yawan nan shi ne kuma cutar. Fayil ya fi ƙarfin hannu, babban da ya kamata ya duba ka shi ma nasa sun binne shi, sai mutum ya saba da yin abin da zai wuce kawai. Saurin yana ƙaruwa, rubutu yana lalacewa. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya ware shari'a ɗaya cikin kowace goma ya shirya ta kamar ita kaɗai gare shi, don kada hannunsa ya manta yadda aiki mai kyau yake.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba: sassan da ke tsara daftarin doka, da masu ba ma'aikatu shawara, da hukumomin da ke sa ido a kan haraji ko bankuna ko sadarwa. Wanda ya shekara huɗu a cikin irin wannan hukuma ya san yadda take tunani, kuma ofisoshi masu zaman kansu suna sayen wannan sani da tsada.

Albashi matsakaici ne amma tabbatacce, lokacin tashi ya fi na babban ofis daidaito. Hatsarin shi ne ƙarin girma yakan bi shekaru fiye da ƙwazo, ga matsin lamba daga sama a shari'o'in da suka taɓa masu iko, ga nauyin zuciya na ganin bala'in mutane kullum.

Lauyan cikin kamfani

Mai aiki ɗaya gare ka, shi ne kamfanin da ke biyanka. Ba ruwanka da lissafin minti shida, kana tashi da wuri, kana koyon yadda kasuwanci yake tafiya daga ciki, kana koyon ba da amsa a layi uku ga manajan da ba zai karanta shafi goma ba. Wannan gwaninta ce ta gaske.

Duk da haka ba na ba sabon lauya shawarar ya fara da nan, sai in sashen shari'ar kamfanin babba ne mai manyan lauyoyi a ciki. In ku biyu ne ko kai kaɗai, wa zai gyara ka? Mutanen da ke kewaye da kai ba lauyoyi ba ne, duk abin da ka faɗa za su ɗauka, daidai ko kuskure. Shari'o'i masu wuya kuma waje ake kai su, kai ne mai aikawa da karɓa. Sai mutum ya zama kifin rijiya bai sani ba. Ka kuma bincika matsayin wannan aiki a dokar ƙasarka, don ba ko'ina ake ɗaukarsa daidai da lauya mai zaman kansa ba. A Faransa masanin dokar da kamfani ya ɗauka aiki ba ya cikin ƙungiyar lauyoyi masu tsayawa a kotu. A 2010 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar kamfanin Akzo Nobel, cewa a binciken da hukumar Tarayyar ke yi kan gasar kasuwanci, wasiƙun lauyan cikin gida ba su da kariyar sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta. Komawa kotu bayan shekaru a kamfani yana da wuya, alhali shigowa kamfani daga babban ofis abu ne da ake yi kullum.

Yi wa alƙali hidima

Inda ake da wannan tsari, shekara ɗaya ko biyu ne kana yi wa alƙali bincike da daftari. Alƙali Horace Gray ne ya fara ɗaukar sabon lauya don wannan aiki a jihar Massachusetts ta Amurka a 1875, ya tafi da al'adar Kotun Ƙolin Amurka a 1882, kuma cikin waɗanda suka yi masa hidima akwai Louis Brandeis, wanda shi ma ya zama alƙalin wannan kotu a 1916. Ruth Bader Ginsburg, wadda ita ma daga baya ta kai wannan kotu, ta gama jami'ar Columbia a 1959 tana cikin waɗanda suka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya, ofisoshin New York ba su ɗauke ta ba, ta fara da yi wa wani alƙalin tarayya hidima.

Amfaninsa ɗaya ne amma babba: kana ganin takardun lauyoyi daga kujerar mai hukunci. Ka karanta ɗari, ka ga wacce ta sauƙaƙa wa alƙali aiki, wacce ta ɓata masa rai. Gurbi kaɗan ne, albashi ƙarami, kuma zango ne, dole daga nan ka wuce wani wuri.

Buɗe ofishinka tun farko

Mandela da Oliver Tambo sun buɗe nasu a 1952, amma bayan kowannensu ya yi shekaru a ƙarƙashin wasu. Wasu ƙasashen ma ba su bar abin ga zaɓi ba: a Ingila sai lauya ya cika shekara uku yana aiki kafin a bar shi ya tsaya shi kaɗai ba mai duba shi. Dalilin a fili yake. Nauyi ɗari bisa ɗari ne, gyara sifili. Kuskuren sabon lauya ba a fannin fasaha yake yawan faruwa ba, a ƙananan abubuwa ne: wa'adin shigar da ƙara ya wuce, ko kuɗin mai kawo aiki ya gauraya da na ofis. Na biyun nan yana cikin manyan dalilan da ake cire sunan lauya daga rajista a ƙasashe da dama. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Ga haya, ga kuɗin rajista da inshora inda ake buƙata, ga watannin da ba abin da zai shigo. Wanda dole ta sa shi, ya kama ɗaki a ginin da wasu lauyoyi suke, ya roƙi wani babba ya riƙa duba masa muhimman takardu, ko da zai ba shi kaso.

A taƙaice

| Hanya | Mai gyara maka aiki | Zuwan nauyi | Albashin farko | Abin da za ka fita da shi | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Babban ofis | Da yawa, in suna da lokaci | A hankali | Mafi tsoka | Tsaftar rubutu, zurfi, suna | Gajiya, ƙuncin fanni |
| Ƙaramin ofis | Mutum ɗaya | Da wuri | Ƙarami | Tsayuwa a kotu, riƙe masu aiki | Mugun ubangida |
| Gwamnati | Akwai, amma aiki ya yi masa yawa | Da wuri sosai | Matsakaici, tabbatacce | Dokar shaida, sanin hukuma | Sabawa da aikin gaggawa |
| Kamfani | Ya danganta da girman sashe | Matsakaici | Mai kyau | Sanin kasuwanci | Rashin mai gyara |
| Hidimar alƙali | Alƙali da kansa | Babu na kai tsaye | Ƙarami | Bincike, idon mai hukunci | Gurbi kaɗan |
| Ofishin kai | Babu | Duka, nan take | Ba tabbas | Dogaro da kai | Kuskuren da ke cin lasisi |

Wani abu da ya shafi dukkan layukan teburin nan: na'urorin da ke rubutu da kansu sun fara cinye irin ayyukan da ƙananan lauyoyi ke koyo da su, wato tace takardu da daftarin farko. Suna da amfani, amma a 2023 wani alƙalin tarayya a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, babu su a duniya. Mai iya gane irin wannan kuskure shi ne wanda ya taɓa yin aikin da hannunsa. Don haka a duk inda ka je neman aiki, tambayi abin da ƙananan lauyoyinsu ke yi da kansu a shekarar farko.

Wace ce taka?

In burinka harkar bankuna, cinikin kamfanoni ko manyan kwangiloli, ko kuma akwai bashin karatu da iyali a wuyanka, babban ofis ne, amma ka shiga da niyyar shekara uku zuwa biyar, ka sake lissafi in sun cika, kada ka ɗaga rayuwarka daidai da albashin.

In kotu ce ke kiranka, kuma ka samu lauyan da ka gani da idonka yana aiki ka yarda da shi, bi shi ko da albashin bai kai ba. In ba ka samu irinsa ba, aikin gabatar da ƙara ko kare marasa hali ya fi maka zama ƙarƙashin wanda ba ka amince da shi ba.

In kana hangen kujerar alƙali ko koyarwa a jami'a, nemi hidimar alƙali da farko, sannan gwamnati ko ofis mai yawan shari'o'in ɗaukaka ƙara.

In kasuwanci ya fi doka burge ka, ko kana buƙatar lokacin tashi tabbatacce saboda yara ko jinyar wani, kamfani ya dace, amma in da hali ka riga ka yi shekara biyu ko uku a inda ake jan biro.

In kuma ofis ɗaya ne kawai ya kira ka, wanda shi ne halin mafi yawan mutane, karɓi. Ajiye kwafin duk abin da ka rubuta tare da kwafin da aka aika, ka riƙa jera su duk ƙarshen mako. Ranar da ba ka da shari'a, je kotu ka zauna inda gwanaye ke aiki, ka rubuta tambayoyin da suka yi wa shaida da waɗanda suka ƙi yi. Bayan wata goma sha takwas ka buɗe takardar da ka rubuta a watan farko. In ka ga abin gyara a kowane shafi, zauna. In ka ga daidai take da wadda ka rubuta jiya, fara aika takardar neman aiki wani wuri.